Kunyar Ɗan Fari a Gidan Surukata Marubuciya

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. In na zauna a rumfar Ilu mai shayi a bakin kasuwar Waca, kafin ruwa ya tafasa an kewaye ni. Wannan ya ce da gaske ne mutanen can ba sa gaisawa, wancan ya ce surukar taka Ba'indiya ta yi maka waƙa da rawa? Kowa ya ji labari sai ya ƙara nasa gishirin, har maganar ta kai Dungas wai kare ya kama ni a filin jirgi. Kare kam ya shiga labarin, amma ba ni ya kama ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan karatun lakwal, wato makarantar boko, da na yi, mai son ji ya karanta, bakina ya huta.

Wanda na je wurinsa babban ɗana ne, ɗan fari. Na-Magariya muke ce masa, domin tun da aka yaye shi yayana Alhaji Sanda, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauke shi ya riƙe a Magariya. Kun san al'adarmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ni da uwarsa Gambo mun riƙe wannan kunya da kyau, har ana misali da mu. Yaro ya yi karatu, ya wuce Zinder, ya wuce Yamai, daga nan Allah ya kai shi Amurka, inda yake aikin ruwan famfo na wani gari. Can ya auri Raihana. Iyayenta Musulmin Indiya ne da suka yi ƙaura, ita kuma a Amurka aka haife ta. Malamar makaranta ce, tana kuma rubuta littattafan labari na samari da ƴammata. Suna da ƴa ɗaya, Zainabu, wadda ta fara zuwa lakwal.

Maganar takardu ba zan tsaya a kanta ba, na sha zaryar Yamai har biza ta fito. Jirgi kuwa daga Kano Na-Magariya ya ce in hau, don ta fi mana kusa.

Ranar tashi gida ya cika. Ƙanwata ta zo daga Sassumbrum da ƙullin daddawa. Gambo ta daka kuka da kuɓewa busasshiya, ta soya ƙuli-ƙuli. Ilu ya kawo kilishi a takarda ya ce, "Ka ba yaron, ka ce masa in ji mai shayin da ya ci bashinsa bai biya ba." Na tambayi Gambo ko tana da saƙo. Ta juya baya tana gyara murhu ta ce, "A gaida masu gida." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Motar da ta ɗauke mu zuwa Magariya irin wadda kuka sani ce, mutum a kan mutum, akuya a ƙarƙashin ƙafa. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe. Muna tsaye a gindin gawo sai wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta tambaye ni inda na nufa da sabuwar riga haka. Na ce Amurka. Ta dube ni, ta dubi motar ta ce, "A wannan? To Allah ya kai ku kafin kaka." Na kwana a gidan marigayi yayana. Matarsa Hajiya Mariya, wadda ta raini yaron, ita kam ba ta da kunyarsa. Ta yi ta kiran sunansa gatsau tana ba ni labarin ƙuruciyarsa, yadda yake son fura da yadda ya taɓa karyewa a bishiyar mangwaro. Wallahi ban san ya taɓa karyewa ba sai ranar.

Da safe muka kama hanyar iyaka. Jandarman da ya karɓi takarduna ya buɗe ya ga biza, ya kira abokin aikinsa ya ce, "Zo ka ga Baba zai je Amurka da buhun taki." Gaskiya ne, jakar da aka saya mini ta cika, sauran kayan a buhu na ɗaure su. A ɓangaren Najeriya kuma jami'in ya shinshina buhun ya ce, "Baba, wannan daddawar ta fi ƙarfin fasfo, wuce kawai." Muka yi dariya.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Bahaushiyar Kumasi, ƴar kasuwa, wadda ta saba hanya. Ita ta ɗaure mini ɗamarar kujera, ita ta nuna mini yadda ake buɗe ƙofar bayi, bayan na tsaya ina ta sallama a bakinta ba kowa a ciki. Da aka kawo abinci na ga wani ɗan farin abu a leda mai ƙamshin lemo, na kai baki. Hajiya ta fizge ta ce, "Malam, na goge hannu ne!" Salla kuwa ta rikice mini, don rana ta ƙi faɗuwa, muna binta tana gudu.

Da muka sauka, ana cikin layi, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa sanye da riga, wata ma'aikaciya na riƙe da shi. Ya wuce kowa ya zo ya zauna a gaban buhuna kamar mai jiran sadaka. Aka kwance kaya. Kilishin Ilu suka ɗauke, wai ba a shiga da nama. Daddawa kuma suka juya ta, suka toshe hanci, Hajiyar Kumasi ta yi musu bayani da Turanci, suka maido mini da sauri. Ilu, ka ji inda kilishinka ya tsaya.

A waje suna jira. Na-Magariya ya zube ƙasa ya gaishe ni, Turawa na kallo. Na kau da kai na ce, "Mun same ku lafiya?" Ya ce lafiya lau. Shi ke nan gaisuwarmu, bayan shekarun da ba mu ga juna ba. Raihana kuwa ta matso, doguwa ce mai gilashi, ta kai hannu goshi ta ce da Hausa, "Sannu da zuwa, Baba. Ina gajiya?" Hausarta kamar mai taka ƙaya, amma ana ganewa. Ta yi Faransanci a makaranta, ni ma ina da guntun nawa, da su biyun muka yi ta lallaɓawa har na dawo. Zainabu ta leƙo daga bayan uwarta, ta dubi bakina ta yi wata magana. Raihana ta yi dariya ta ce wai tana tambaya ina sauran haƙorana. Na ce a gaya mata ita ma na ga nata biyu sun gudu, mu je mu nemo tare. Daga nan muka ƙulla. Jika ai abokiyar wasa ce, babu kunya tsakaninmu.

Gidansu na katako ne, in mutum na tafiya a sama kana jin sa a ƙasa. Babu zaure, babu katanga, maƙwabci na ganin tsakar gidanka amma bai san sunanka ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne cin abinci. Tebur ɗaya, da ni da ɗana da surukata, kowa na kallon bakin kowa. A Waca ina suruka za ta ga lomar surukinta? Ranar farko na ce na ƙoshi, na shiga ɗaki na ci ƙuli-ƙuli. Rana ta biyu yunwa ta kashe kunya. Uwar Raihana, wata dattijuwa mai fara'a da ke zaune kusa da su, ta kawo shinkafa dafaffiya da naman rago da kanumfari da citta. Na ce mu mutanen Damagaram ba a tsorata mu da yaji. Loma uku na yi hawaye suka zubo. Tsohuwar ta tura mini kwanon nono tana dariya. Washegari na rama, na sa aka yi miyar kuka da daddawar Sassumbrum, sai da suka buɗe tagogi duka. Amma ta ci, har ta ƙara.

Aikin Raihana ya daɗe yana ɗaure mini kai. Bayan sallar asuba sai ta shiga wani ɗan ɗaki ta zauna gaban na'ura, wani lokaci ba ta taɓa komai, tagar kawai take kallo. Na ce, "Ƴata, ko ba ki da lafiya?" Ta ce, "Aiki nake, Baba. Wata yarinya ce a cikin labarina ta ƙi gaya mini abin da take so." Na ce a raina, ikon Allah, a garinmu mai irin wannan magana rubutu ake ba shi ya sha.

A hankali ta ba ni tarihinta. A ƙaramin gari ta tashi, inda babu mai kalar fatarta a ajinsu sai ita. In ta buɗe abincin da uwarta ta ƙunsa mata, yara su toshe hanci, har ta koma ci a ɓoye. Ɗakin karatu na garin ya zama mafakarta. Ta karanta duk abin da ke ciki, amma ba ta taɓa samun yarinya mai irin sunanta ko irin gidansu a littafi ba. Da ta girma ta zama malama a makarantar sakandare, ta ga ɗalibanta ƴaƴan baƙi suna fama da abin da ta yi fama da shi. Sai ta fara rubuta musu labari da asuba kafin ta tafi aji. Littafinta na farko masu buga littattafai sun yi ta maido mata da shi, wani ma ya ce ta canza wa yarinyar suna ta zama Baturiya. Ta ƙi. Daga baya aka samu masu karɓa. Yanzu tana da littattafai da yawa jere a kan kantar ɗakinta, da hotonta a baya, amma ba ta bar koyarwa ba. Ta ce in ta bar aji, ba za ta ƙara sanin yadda yara ke magana ba. Na ce mata a wurinmu tsofaffin mata ke yin tatsuniya, kuma kyauta. Ta ce, "To ki gaya wa Inna Gambo ta zo mu yi kasuwanci." "Ki" ta ce mini kamar wata mace, ban gyara mata ba.

To, ga abin da ya sa na ce tafiyar nan ta zame mini makaranta.

Tun ranar da na sauka na lura Na-Magariya ba ya taɓa ƴarsa. In ya dawo daga aiki ta rugo da gudu, sai ya goce ya wuce. In zai yi maganarta sai ya ce yarinyar nan. In ta hau cinyarsa ya sauke ta, ya saci kallona. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce yaro ya yi shekaru a ƙasar Turawa bai zubar da tarbiyya ba, yana kunyar ƴar fari a gaban ubansa. Har na kira Ilu a waya na yi masa alfahari. Ban lura yarinyar ta daina rugowa ba. Ban lura mata da mijin sun rage magana a tebur ba.

Wata rana Raihana ta tafi da ni makarantarsu, wai ɗalibanta na son ganin mutumin Nijar. Yara ne ƴan shekara sha biyar sha shida, baƙaƙe da farare da jajaye, wasu da ɗankwali wasu da wando yagagge a gwiwa, kuma wai haka ake sayensa. Ba sa tashi in malami ya shigo. Amma da ta fara magana sai ajin ya yi tsit. Ta sa kowa ya rubuta abin da ake yi a gidansu wanda ba a yi a gidan maƙwabta, suka karanta, ana dariya ana tafi. Sannan aka ce su yi mini tambaya, tana fassarawa. Suka tambayi gona, suka tambayi raƙumi. Wata yarinya ta ce ƴaƴana nawa, kuma su wa da wa. Na lissafa mata, Habu da Salamatu da Rabi da Sani. Ta ce ai mijin malama fa? Na ce shi ba a faɗa. Raihana ta yi musu bayanin al'adar, kuma ta yi shi da mutunci, ba ta kushe mu ba. Sai wani yaro dogo daga baya ya ɗaga hannu ya yi magana. Na ce me ya ce? Ta ɗan yi jinkiri ta ce, "Wai shi ɗan farin, wa ya gaya masa cewa kunya ce ba ƙi ba?"

Na buɗe baki in ce ai kowa ya sani. Sai na tuna wata ranar kasuwar Waca, an kawo shi hutu yana ɗan ƙarami. Ya hango ni cikin mutane ya rugo yana Baba, Baba, ya rungume ƙafata. Na cire hannunsa na ce wa wani, "Kai, mai da yaron nan gida." Mutane suka yaba. Ban tuna ya sake rugowa wurina ba tun daga ranar. Na ce wa Raihana ta gaya wa yaron ban san amsa ba.

A mota, da muka yi nisa, sai ta tsaya a gefen hanya. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan yi rashin kunya." Na ce faɗi. Ta ce kafin in zo, uban ne ke yi wa Zainabu wanka, shi ke goya ta a wuya, shi ke kai ta lakwal suna waƙa. Jiya yarinyar ta tambaye ta laifin da ta yi wa Abbanta, ta kuma kawo ƴar tsanarta ta ce a ba shi ko zai huce. Ta ce, "Na yi masa magana ya ce ba zai iya ba a gabanka. Ni kuma duk rubutuna a kan yaran da suke jin ba a son su ne. Ba zan rubuta su da safe in raini ɗaya da yamma ba. In abin bai canza ba, zan kai ta gidan uwata ta zauna har ka tafi. Ba na so, don tana son ka."

Ban ji haushi ba. Kunya na ji, irin ta gaske. Na zo ganin jika, ga shi zuwana zai fitar da ita daga gidan ubanta, ya kuma sa ɓaraka tsakanin mutum da matarsa. Na ce ta ba ni lokaci. Na yi niyyar in kira shi gefe in yi masa magana, amma ni da shi ba mu taɓa zama mu biyu mun yi zancen da ya wuce gaisuwa ba. Na yi ta juya abin, bakina ya ƙi.

Ranar Asabar aka gayyaci Raihana wani kantin littattafai ta karanta sabon littafinta. Muka tafi duka. Wuri ya cika da ƴammata da iyayensu, kowa da littafi a hannu yana jiran ta sa masa hannu. Ni ban ji abin da take karantawa ba, amma na ga wata yarinya mai lulluɓi tana share hawaye, na ga uwar Raihana ta ɗaga kai kamar ita ta rubuta. Da aka gama aka yi ta tafi, mutane suka tashi gaba ɗaya. A cikin turereniyar wani ya bangaje Zainabu, ta faɗi ta bugi bakinta da kujera. Ta tashi da jini a leɓe, ta miƙa hannu biyu wajen ubanta, don shi ne kusa. Na ga hannunsa ya tafi, sai ya dube ni, ya mai da hannun aljihu.

Ban san lokacin da sunan ya fito ba. Sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa ina zaune a zaure ina yi kamar ban ji ba. Muryata ta fita da ƙarfi har Turawa suka waiwayo. Shi kuwa bai waiwayo ba. Ya duba hagu ya duba dama yana neman mai kiransa, don bai san sunan da muryata ba. Sai da na sake kira. Ya juyo, bakinsa a buɗe.

Ya ce, "Na'am, Baba."

Na ce, "Ɗauki ƴarka mana. Kana ganin jini kana tsaye kamar turken awaki?"

Ya sunkuya ya ɗauke ta, ta ƙanƙame wuyansa. Ya juya mana baya yana lallashinta, ya daɗe bai juyo ba, kuma na san ba don ita kaɗai ba ne. Da kuka ya lafa, yarinyar ta leƙo ta kafaɗarsa ta yi mini magana. Uwarta ta fashe da dariya har ta cire gilashi. Wai cewa ta yi, "Kaka, ashe ka san sunan Abbana? Na zaci ka manta, ina ta so in gaya maka."

Sauran kwanakin sun yi daɗi. Yarinya ba ta je ko'ina ba. Na-Magariya ya kai ni bakin wani tafki mai kama da teku, mu biyu kawai, ya nuna mini inda suke tace ruwa, na tambaye shi labarin karayar mangwaro ya ba ni. Ba zan ce mun zama abokai ba, icen da ya bushe a karkace ba ya miƙewa rana ɗaya. Raihana ta ba ni littafinta ɗaya na kawo, ga shi nan a ɗaki, ba mai iya karanta shi a gidan sai dai a kalli hotonta.

Da na ba da labarin nan a rumfa, Ilu ya ce, "Shi ke nan, an mai da mana kai Bature." Malam Hamza na Mallawa ya ce kunya ado ce, kada in ɓata yara. Ban yi musu ba. Ni ban ce kowa ya bar al'adarsa ba, kuma kun ga ko a takardar nan ban iya rubuta sunan ba. Abin da na ce kawai, in za ka yi kunyar ɗanka, ka samu wanda zai gaya masa kunya ce.

Gambo ce ta ƙarshe da na ba labarin, ranar da baƙi suka watse, tana tsince wake a tsakar gida. Da na zo wurin kiran sunan sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Kai, Malam, a gaban mutane?" Na ce a gaban mutane. Ta ci gaba da tsintar wakenta, har na zaci magana ta ƙare. Can sai ta ce, ba ta dube ni ba, "Da ka kira shi, ya amsa?"

Na ce ya amsa.

Ta ce, "Yaya ya ce?"

Na ce, "Na'am, Baba."

Ta ajiye faifan, ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar kaji suna cin waken.